Yadda ake sayen kayan iyo da na bakin teku a Jidda ba tare da an cuci Bahar Maliya ba

Wanda ya taɓa bi ta Abhur ko Kornish, wuraren shaƙatawa na bakin tekun Jidda, da sassafen Asabar, kafin masu shara su iso, ya san abin da jama'a ke bari a baya: ledar sufra da ake shimfiɗawa a ci abinci, guntayen farin soson kula, silifas wari ɗaya, robar iyon yara da ta fashe. Yawancin wannan datti tun a kanti aka saye shi, domin kaya ne da tun asali ba a yi su don su kai fita ta biyu ba. Ga shi kuma 'yan mitoci kaɗan daga gaɓa murjani ne shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa. Ba dutse ba ne, halitta ce mai rai, wasu nau'o'insa ba sa ƙara tsawon da ya wuce santimita 1 ko 2 a shekara. Shi ya sa gyaran ya fi sauƙi a gaban mai kanti.

Abin da za ka tanada

Tef ɗin awo irin na tela. Waya mai caji, domin rubutun da ke jikin kaya ƙanana ne, sai an ɗauki hoto an buɗe shi, fitilarta kuma za ta yi amfani. Jakar yadi ta zuba kaya. Takarda mai sunan kowa a gida da awonsa: ƙirji, ƙugu, kwatangwalo, tsawon ƙafa, da nauyin yara a kilo. Farin hankici na gwajin rini idan an dawo gida. In babu tef, auna da zare ka ɗora a kan rula.

1. Fara da durowarka

Fito da duk abin da ke gida kafin ka je ko'ina. Ja robar ƙugun tsohon wando a kusa da kunnenka: in ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga fararen zarurruka sun leƙo daga yadin, robar ta mutu. Idan robar ƙugu ce kaɗai, tela zai canza ta da 'yan riyal kaɗan. Idan yadin ne da kansa ya saki ya zama shara-shara, ya gama aiki. Rigar ƙwallo ta foliyesta da dogon wandon motsa jiki suna shiga ruwa lafiya lau, ga wanda sau biyu ko uku yake zuwa teku a shekara sun wadatar. Tabarmar roba da kular da kake da su, ci gaba da amfani da su har su ƙare. Jefar da mai kyau don a sayi wadda aka rubuta wa kalmar muhalli ƙarin shara ne kawai.

2. Wane ruwa za ka shiga?

Ruwan Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita, alhali matsakaicin tekun duniya 35 ne. Gishiri da rana su ke cin roba da zif. Ruwan kwamin iyo na istiraha, wato gidan hutun da ake haya, kuwa sinadarin kulorin ne a ciki, shi ya fi saurin kashe robar yadi. Mai yawan zuwa istiraha ya nemi foliyesta, musamman wanda aka rubuta wa PBT, domin ya fi jure kulorin. Mai zuwa teku, nailan ya fi laushi a jiki kuma yana yi. Rigar nutso mai kauri ta neoprene ba ta da wani amfani ga mai wanka a gaɓar Jidda, ruwan da ɗumi kusan duk shekara. Masu nutso mai zurfi da sanyin hunturu su ne ke buƙatarta, su kuma akwai ta robar itace mai suna Yulex.

3. Karanta 'yar takardar ciki, ƙyale ta waje

A nan aka fi yaudarar mutane. Kwalin da ke rataye a waje, mai hoton ganye ko kififiya, talla ce. Kowa na iya buga kalmar "eco" ko ya rubuta da Larabci cewa kayansa abokin muhalli ne, ba wanda zai tuhume shi. Gaskiyar tana jikin 'yar farar takardar da aka ɗinka a gefen riga ta ciki, inda ake rubuta abin da aka saƙa yadin da shi da kason kowanne.

Kayan iyo kusan duka zare biyu ne. Na farko nailan, wanda ake rubutawa "nylon" ko "polyamide", ko kuma foliyesta. Na biyu robar da ke sa yadi ya miƙe, za ka ga "elastane", "spandex" ko Lycra, duk abu ɗaya ne. Haɗin da aka saba gani a kaya masu kyau shi ne kashi 78 zuwa 82 na farko, 18 zuwa 22 na biyu. Abin nema shi ne kalmar "recycled" manne da babban kason, wato an sake sarrafa zaren daga tsofaffin kaya. In aka ce "yana ɗauke da zaren da aka sake sarrafawa" ba tare da an faɗi kashi nawa ba, ajiye shi. Mai kashi 80 ba ya ɓoye lambarsa.

Sunaye biyu sun fi yawo. Econyl nailan ne da kamfanin Aquafil na Italiya ya fara yi a 2011 daga tsoffin ragar kamun kifi, kafet da ƙyallayen masana'anta. Repreve na kamfanin Unifi ne na Amurka, yawancinsa foliyesta daga robobin ruwan sha. Sai tambura. GRS shi ke tabbatar da cewa da gaske an sake sarrafa zaren, kuma ba a yarda a liƙa shi a jikin kaya sai kason ya kai 50 cikin 100. OEKO-TEX Standard 100 wani abu daban yake faɗa: an gwada yadin ba a sami sinadarai masu cutar da fata sama da ƙa'ida ba. Na gaskiya yana zuwa da lambar shaida a ƙasansa, ana iya shigar da ita a shafin hukumar a gani ko tana aiki. Tambari babu lamba, hoto ne.

Kada dai a ruɗi kai. Nailan da aka sake sarrafawa shi ma roba ne, yana zubar da ƙananan zarurruka a wanki kamar ɗan'uwansa, kuma da zarar an gauraya shi da robar miƙewa, sake sarrafa shi karo na biyu yana da wuyar gaske. Amfaninsa a wajen ƙera shi ne, an rage ɗanyen mai. Saboda haka idan zaɓi ya tsaya tsakanin wando na zaren yau da kullum mai ƙwari da zai yi shekara huɗu da wani mai tambarin muhalli amma ɗinkinsa ragwal-ragwal, ɗauki mai ƙwarin. Lissafin aljihu ma haka yake: a ce na riyal 40 ne kana canzawa duk bazara, na riyal 130 kuma ya yi maka shekara huɗu, mai arahar ya fi tsada, ga wanduna huɗu a bola.

4. Gwada shi da hannu

Kama yadin da hannu biyu ka ja, ka ƙirga biyar, ka saki. Mai kyau zai koma yadda yake nan take, mara kyau zai bar kumburi. Yana a miƙe, haska fitilar waya ta bayansa: in kana ganin fatar yatsanka, to idan ya jiƙe komai zai bayyana, rana ma za ta ratsa. Juya rigar ka duba ɗinki. Wanda ya kwanta shafal mai layi biyu ko huɗu ba ya gurje hamata kuma yana miƙewa tare da yadi, ɗinkin layi ɗaya kuwa tsinkewa yake a fitar farko. Zif ya zama na roba mai manyan haƙora, na ƙarfe gishiri zai cije shi cikin 'yan makonni. Wando ya kasance da igiyar ɗaurewa bayan roba, igiyar ruwa ba ta san girman kowa ba.

Ƙyalƙyali, duwatsun ado da aka manna da gam, da zane mai kauri da aka liƙa a gaban rigar yara, duk ɓanɓarowa suke a ruwa, kifi ya haɗiye. Bar su.

A gida, jiƙa farin hankicin ka goga a cikin rigar kafin a cire kwalinta. Idan launi ya kama sosai, rinin zai zuba a teku da jikinka.

5. Awo da sutura

A wannan gaɓar mu muka ci riba, domin suturar da addini ya ɗora mana ita ce kuma wadda likitan fata da mai kishin teku suke ba da shawara: duk inda yadi ya rufe ba ya buƙatar man kare rana. Nemi alamar UPF 50+, ma'anarta abin da ke ratsa yadin na hasken da ke ƙona fata bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kariyar tana raguwa idan yadi ya miƙe da yawa, don haka kada a sayi matsattse.

Namiji ya nemi wandon da ya rufe cibiya zuwa gwiwa. Yawancin na kanti suna tsayawa a saman gwiwa, kuma zamewa suke ƙasa da cibiya idan sun jiƙe. Dabarar ita ce matsattsen wando mai wuce gwiwa a ciki, sakakke a waje, da riga mai dogon hannu da ta sauko kan ƙugu. Gwada a durƙushe da kuma hannu sama.

Hajiya, ke naki kashi uku ne: doguwar riga zuwa cinya ko gwiwa, wando, da hular kai mai rufe wuya. Irin wannan ɗinki wata 'yar Ostareliya haifaffiyar Labanan, Aheda Zanetti, ta fito da shi a 2004 da sunan burkini, yanzu kamfanoni da yawa suna yi. Abin da za ki fara dubawa shi ne maɗauri ko maɓallin da ke haɗa riga da wando ta ciki. In babu shi, da kin shiga ruwa rigar za ta taso ta yi laima a wuyanki. Idan wanda kika samu ba shi da shi, tela ya sa miki igiya biyu a kowane gefe. Hular kada ta buƙaci fil ko allura. Launi mai duhu ko mai zane ya fi rufin asiri idan ya jiƙe. Ki yi tsalle sau biyu a ɗakin gwaji, ki sunkuya, ki ga abin da ya motsa.

Kada a shiga ruwa da abaya, jallabiya ko zanen atamfa. Auduga na shan ruwa ta yi nauyi, ta nannaɗe ƙafa, ta ja mutum ƙasa ko da ruwan iya ƙirji ne. Farar singileti kuma idan ta jiƙe kariyarta daga rana kaɗan ce.

Yara a saya musu launi mai kashe ido, ruwan lemo ko ɗorawa mai haske. Shuɗi, fari da toka-toka ɓacewa suke a cikin ruwa, uwa ta duba ta rasa ɗanta yana gabanta. Ƙara lamba ɗaya don ya kai baɗi ya yi, lamba biyu zai zame. Na babba ya sauko wa ƙaninsa.

6. Man kare rana

Baƙar fata ma tana ƙonewa, wanda ya wuni a Abhur a watan Yuli ya ga bayan wuyansa na saɓa ba ya buƙatar hujja. A saidaliyya, wato kantin magani, juya kwalbar ka karanta jerin sinadarai. Biyu ne aka fi zargi da cutar da murjani: oxybenzone, wanda wasu kamfanoni ke rubutawa benzophenone-3, da octinoxate, wanda kan zo da sunan ethylhexyl methoxycinnamate. Jihar Hawai ta Amurka ta yi dokar hana sayar da su a 2018, ta fara aiki a Janairun 2021. Ƙasar Palau ta hana tun 2020, Tailan kuma ta hana shiga da su wuraren ajiyar halittun tekunta a 2021. Babban mai kashe murjani dai ɗumamar ruwa ce, amma a ɗan lungun teku mara zurfi da ɗaruruwan mutane ke wanka ranar Juma'a, wannan shi ne abin da ke hannunka.

Nemi wanda sinadarinsa zinc oxide ne, shi kaɗai ko tare da titanium dioxide, zai fi kyau in an rubuta "non-nano", wato ba a niƙa ƙwayoyinsa sun zama ƙanana sosai ba. Rubutun "reef safe" a gaban kwalba ba wata hukuma ce ta tantance shi ba, sau da yawa ka juya baya ka tarar da abin da kake gudu. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙuna, SPF 50 kusan 98, kada ka biya ninki don lambar da ta fi haka. Ya zama mai jure ruwa, za a rubuta minti 40 ko 80.

Aibin na zinc a fatarmu shi ne yana barin fuska fari-fat kamar an shafa toka. Maganinsa a sayi mai ɗan launi, ko a murza shi a tafin hannu a shafa kaɗan-kaɗan sau biyu. Na feshi kada a saya, rabinsa iska ke kai wa yashi, saura yara su shaƙa. Babban mutum da bai rufe jiki ba yana buƙatar kusan mililita 30, cokali 2 na cin abinci, a kowace shafawa. Wanda ya sa doguwar riga da wando ƙaramin cokali 2 ya ishe shi fuska, wuya, bayan hannu da ƙafa. A shafa minti 15 kafin shiga ruwa, a maimaita bayan awa 2 ko bayan an goge jiki. In lokacin salla ya kusa, yi alwala tukuna, ya fi sauƙi. Jariri ƙasa da wata 6 inuwa da sutura ne nasa. Duba ranar lalacewa, kuma kada kwalbar ta kwana a mota, zafin Jidda yana raba man da ruwansa.

7. Wurin zama da abinci

Kular farin soso, wadda ake kira falin, ita ce mafi munin abin da ake kai wa bakin teku. Tana karyewa ta zama ƙwayoyi kamar gero, babu mai iya tsince su daga yashi. Sayi kula mai tauri, duba maratayin murfi da robar bakinta, nan suke fara lalacewa. Maimakon ƙanƙarar leda, cika robobin ruwa zuwa kashi uku cikin huɗu ka daskarar da su tun daren jiya: su sanyaya kaya, in sun narke a sha. Babban jarka mai famfo da kofunan silba sun maye gurbin katan ɗin ƙananan robobi.

Ledar sufra ta naɗi iska ke ɗauka da an tashi, a ruwa kuma kififiya na ɗaukarta abinci. Wadda aka buga wa tambarin "oxo" ma ba narkewa take ba, farfashewa take ta zama ƙanana. Leda mai kauri ta tebur da ake gogewa, ko babban faranti, sun fi. Tabarmar kaba ko ta ganyen dabino, irin da ake samu a tsoffin kasuwanni kamar Balad, ba ta ɗaukar zafi kamar ta roba, sai dai a kakkaɓe ta a shanya kafin a naɗe don kada ta yi fumfuna. In ta roba ce da kai, sa tela ya daje bakinta da ƙyalle, ta nan take tsiyayewa.

Laima ta zama mai sandar alminiyam da 'yar taga a ƙoli inda iska ke fita. Iskar Jidda yawanci daga arewa maso yamma take kaɗawa, tana ƙarfi da la'asar. Kafa sandar kamar santimita 40 a yashi, ka karkatar da kan laimar wajen da iska ke fitowa. Tawul na auduga mara gashi ya fi saurin bushewa kuma ba ya riƙe yashi.

8. Kayan yara, tabarau da takalmi

Robar iyo ta hurawa abin wasa ce, ba ta ceton rai, ga saurin fashewa. Yaron da bai iya iyo ba rigar ceto yake buƙata, mai alamar ISO 12402, daidai nauyinsa a kilo, da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Sa masa, ka ɗaga shi ta kafaɗun rigar: in ta haura kunnuwansa ta yi yawa. Bokiti da shebur na wasan yashi, tsoffin kwanoni da ludayin kicin sun fi na shagon kayan araha, abu-hamsa, daɗewa.

Tabaraun leƙen ruwa, gilashinsa ya zama an rubuta "tempered", bakinsa na silikon. Ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ka shaƙi iska ta hanci. Idan ya manne ya tsaya, naka ne. Mai gashin baki ya san ruwa zai ɗan shiga ta ƙarƙashin hanci. Sabon shiga ya haƙura da takalmin kwaɗo, mai faɗin nan na masu nutso, a ruwa mara zurfi, da shi ake karya murjani ba a sani ba. Takalmin ruwa mai tafin roba kuwa dole ne, saboda bushiyar teku da kifin dutse mai dafi, amma sa shi bai ba ka izinin taka murjani ba. Busasshen murjani, ƙwaryar kififiya da manyan kumbunan da ake sayarwa don ado, kada a saya, ciniki ne ke sa a je a ciro wasu.

9. Inda za a saya

Kula, laima da kujeru, na hannu sun wadatar, a kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda ko a manhajar Haraj. Kayan sawa a je shagunan kayan wasanni inda ake iya gwadawa. Man rana daga saidaliyya kaɗai, rigar ceto kuma sabuwa. In ta intanet ne, bi jadawalin awo na santimita, manta da S da M da L, kowane kamfani da nasa. Nemi hoton takardar ciki, in babu ka tambayi mai sayarwa. Yawancin shaguna ba sa karɓar kayan iyo idan an cire kwali, don haka tambayi sharaɗin mayarwa kafin ka biya, ka riƙe fatura, wato rasit. Idan abin da aka rubuta ya saɓa da abin da aka ba ka, lambar ƙorafi ta Ma'aikatar Kasuwanci 1900 ce. Mai haƙuri ya jira rangwamen Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, tunda a Jidda ana shiga ruwa har bayan nan.

10. Wanki da ajiya

Da an fito, a ɗauraye kayan da ruwan daɗi mai sanyi, ko da daga jarka ne a bayan mota. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙulle jiƙaƙƙen kaya a leda a bari a but har gobe, musamman ga mutanen Makka da ke komawa cikin dare a gajiye: zafi da gishiri su dafa robar, wari ya kama. A gida a wanke da hannu da sabulu mai laushi kaɗan. Ban da bilic, ban da ruwan laushin kaya, ban da guga. Kada a murɗe, a naɗe cikin tawul a danna, a shimfiɗa a inuwa. In dole sai inji, zafin ruwa kada ya wuce digiri 30, a sa kayan a jakar wanki mai tare zare irin Guppyfriend, abin da ya taru a kusurwarta a zuba a kwandon shara, kada a ɗauraye shi a famfo. Mai iyo kullum ya mallaki biyu yana musanyawa, robar na son kwana guda ta huta. Zif ɗin da ya fara cijewa, jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 10, ka goge haƙoran da tsohon buroshi, sannan ka shafa masa ɗan kyandir.